Auta a Ɗakin Wankin Ciwo

Ka taɓa ganin mai son zama nas amma tana sumewa in ta ga ciwo? A gidanmu take. Autarmu ce, ni take bi.

Tana shekara ta biyu a jami'a ta ce aikin jinya za ta koma. Abu uku ake nema: sakamako mai kyau a kimiyya, hira da malamai, da shaidar aikin sa-kai a asibiti. Na farko yana hannunta. Na biyu ba abin damuwa ba ne, bakin Auta ko rediyo albarka. Na ukun ne ya tsaya mata a wuya, don Sistar ɗakin wankin ciwo ce za ta sa hannu, ga shi a makon farko sau biyu ana kwasar Auta daga ƙasa.

"'Yata, marasa lafiya sun ishe ni, ba na neman ƙari," in ji Sista. "Sai kin tsaya da ƙafarki an wanke ciwo har an naɗe, sannan in sa hannu."

Lokaci kuma ya kusa ƙurewa, domin wanda ya shiga shekara ta uku ba a yarda ya sauya fanni.

Kawunmu mahauci ne, da ya ji sai ya yi dariya. "Jini ai jini ne. Ku turo min ita." Mako guda Auta tana riƙe masa robar tarar jini a mayanka, ko gezau. Kawu ya shiga gaya wa kowa ya warkar da ita.

Ta koma asibiti da ƙarfinta. Aka shigo da wani kafinta da zarto ya yanka a ƙwauri. Ana ɓare bandejin ya ja iska ta haƙora, sai ga Auta a ƙasa, ita da tire da almakashi. Faɗuwa ta uku ke nan.

"Kawu, akuyarka ba ta kallon idona," ta ce masa da yamma, tana matsar ƙwalla.

Sista ce ta gano bakin zaren. "Ba jini ke kayar da ke ba. Da mutum ya yamutsa fuska sai ki riƙe numfashi, ki ƙame kamar sanda. Ki matse cinyoyinki, ki motsa yatsun ƙafa a cikin takalmi, ki saki, ki sake. Kuma ki yi masa hira, mai surutu dole ya yi numfashi."

Auta ta ɗauki abin kamar darasin jarrabawa. A aji tana yi, a layin mota tana yi, har wajen wanke-wanke. Inna ta dube ta ta ce, "Auta, in fitsari kike ji ki je mana, kwanukan ba za su gudu ba."

Ranar da kafintan ya dawo, yana ganinta ya matsa gefe. "Ƙanwata, ga wuri na rage miki a gadon, kada ki sha ƙasa."

"Riƙe abinka, Yaya. Gaya min, wane katako ne ba ya cin gara?"

"Gara ce ke cin katako, Malama nas."

Suka yi ta musu. Sista ta ɓare, ta wanke, ta goge. Ya ja iska, Auta ta matse ƙafa ta jefa masa wata tambayar. Can Sista ta miƙa mata bandeji ba tare da ta ɗago kai ba. "Naɗe."

Ta naɗe tsaf, a tsaye. A ranar aka sa hannu, kuma da sunayen waɗanda aka ɗauka suka fito nata yana ciki. Yanzu sabbin ɗalibai masu jiri wurinta ake turo su. Kawu dai har gobe cewa yake aikinsa ne.

In kai ma ƙafarka tana rawa a gaban allura ko ciwo, kada ka jira sai ranar. Yanzu da kake zaune, matse cinyoyinka har ka ji ɗumi ya hau maka fuska, ka saki, ka sake. Gwada ka gani.