Kilomita Goma a Falon Sista Rifkatu

Ɗana Sabi'u ya yanke cewa a keken guragu za a tura ni ɗawafi bana, bai kuma tambaye ni ba. Gwiwata ke ciwo, ba bakina ba. Shekara sittin da ɗaya ina jiran ganin Ka'aba, ba zan zagaya ta a zaune ba. Da rigima ta yi tsami ya kafa sharaɗi: in Sista Rifkatu, tsohuwar nas da ke gasa mini gwiwa, ta shaida na yi kilomita goma a kekenta na motsa jiki ba tsayawa kafin Juma'a, zai janye.

Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni

Laraba, shida saura kwata na fito. Mai adaidaita ya ce, "Inna, asibiti?" Na ce, "Tsere za ni." Ya yi dariya har ya kusa faɗawa kwata. Shida da biyar ina ƙofar Sista.

Keken na kafe a falo. A gabansa an jingina wata ƙatuwar waya, cikinta titi ne tsakanin duwatsu, da zanen mutane bisa kekuna. Sista ta nuna ɗaya ta ce, "Wannan ke ce, in kin taka ta taka. Sauran mutanen gaske ne, kowa na ɗakinsa a ƙasarsu." Na duba, duk ƙarti ne da gajeren wando. Na ja hijabina har ƙasa, na ƙara tamke zani.

"Maman Sabi'u, rage kaya mana, za ki dahu."

Na ce ta ƙyale ni. Ban faɗa mata dalili ba.

Kilomita ɗaya zuwa huɗu

Shida da ashirin na hau, bayan ta auna jinina ta ce ba laifi. Hanya shimfiɗe. Lambobin kilomita da ke kan wayar, da kaina nake karantawa, ban zauna ajin yaƙi da jahilci a banza ba.

Hawan dutse

A kilomita biyar titi ya miƙe sama, feda ta yi nauyi kamar ina taka laka. Nan aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Wani mai jar riga ya wuce ni, sai ga babban yatsa ya fito a saman zanena, wai jinjina. Na ce a raina, ashe kuwa kallona suke! Na jawo hijabi na rufe har hanci. Gumi na shiga idona, zuciyata na bugawa a kunne.

Kilomita takwas da rabi

Bakin zanina ya naɗe a feda. Na fizga, ɗakin ya juya, idona ya yi duhu. Sista ta cafke kafaɗata.

"Sauka!"

"Saura ɗaya da rabi!"

"Ko taku ɗaya ya rage. Ba a kekena za ki mutu ba."

Ta kwantar da ni a tabarma, ta yaye hijabin. Na ce ta fara kife wayar, maza na gani. Ta tsaya tana dubana, sannan ta dafa kai. "Wayyo Yesu! Ba mai ganinki, baiwar Allah. Zanen nan kaɗai suke gani." Da na sha ruwa ta ƙara da cewa, "Gwiwar dai ta riƙe. Amma ba zan yi wa ɗanki ƙarya ba, takwas da rabi zan ce."

Ban roƙe ta ba. Ƙarfe takwas da kwata na iso gida, alhamdu lillahi, da ƙafata na shiga.

Alhamis da asuba na buɗe akwatin marigayi maigidana, na ɗauko wandonsa na sa a ƙarƙashin hijabi. Na buga ƙofar Sabi'u.

"Tashi ka kai ni Tarauni. Da idonka za ka ƙirga."