Dargazar da Tanko Ya Saro

Ku yarda ko kar ku yarda, na ga damin itace ya zo tashar Kawo a mota shi kaɗai, babu mai shi. Ban taɓa mantawa da ranar nan ba.

Lokacin ina rumfar Baba Dogo, Bazamfaren nan mai yi wa mafarauta da 'yan banga baka. Ni ne mai feƙewa, shi ke zaɓen itace ya ɗaura tsirkiya. Haƙora biyu suka rage wa tsohon nan, kuma duka ma'aikata ne. Ya gatsa itace, ya shinshina, ya lanƙwasa a gwiwa. Wallahi ko ƙafar kujera ka miƙa masa, sai ya gaya maka dajin da aka saro ta.

Ku yaran yanzu, ga yadda abin yake. Ƙirya taurin kai gare ta, gara ta karye da ta lanƙwasu. Malaina kuwa ko sauro ka auna sai ta tsage. Dargaza ake nema, ita ma ta tudu, wadda ta sha wuya cikin duwatsu. Ta bakin rafi ruwa ya sangarta ta.

Mai kawo mana itace Tanko ne, ɗan Kinkinau, mai mata da ƙananan yara. Ran nan ya sauke dami, Baba ya gatsa ɗaya ya tofar.

"Tanko, dargaza ce wannan ko rake?"

"Baba, tudun nan ba ya shiguwa yanzu. Masu bindiga sun tare a ciki."

"Sai in ba ɗan mutane bakan da zai karye masa ana tsakiyar gumurzu? Kwashe kayanka."

Na ce, "Baba, a shafe ta da mai mana, wa zai gatsa in ba kai ba?" Hararar da ya watso min har yau tana min ƙaiƙayi.

Tanko ya ɗaure daminsa yana dariya, ya ce zai kawo wadda za ta ƙarasa haƙoran nan biyu.

Bayan 'yan kwanaki wani direba ya aiko mu zo mu ɗauki kaya. Ya ce a bakin titi ya tsinci Tanko da harbi a ciki, yana jan dami. Abin da Tanko ya iya faɗa kawai, a kai wa Baba Dogo. Kafin asibiti ya cika.

Baba ya kwance igiya, ya gatsa ɗaya. Bai tofar ba.

Ran nan na gane sana'armu: kullum ran mai riƙe baka muke tunawa, na mai shiga daji ba ya zuwa mana a rai.

Muka je gaisuwa. Baba ya durƙusa gaban Lami, matar Tanko, ya ce, "'Yata, tunda nake ban ga dargaza mai kyan wadda ya saro ba."

Ta ɗago ta dube shi.

"To Baba, ka aiko min da ita ta ciyar da marayun."