Zaren Bilki a Gwanzu

Da sunan Allah na fara. Ni ban yi boko ba, da baki nake faɗa ana rubutawa, don masu tambayata yadda muka je Chana su ji sau ɗaya, in huta.

Litinin: daga Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka bar Fagge, ni da ɗana Habibu mai sayo kayan lantarki a Chana. Jikata Bilki ta riƙo min jaka har mota. Abin da ta ce kawai, "Iya, kar ki manta."

Bilki marainiya ce, 'yar ɗana na fari, Allah ya ji ƙansa. Ƙaho ya busa a badujalar soja har ya koma ga Mahaliccinsa, irin na tagullar nan mai naɗi kamar hanjin rago, wanda ake cusa hannun dama a bakinsa. Shi ita ma take koya a makaranta. Na makarantar ya tsufa ya huje, kuma malaminsu, wani tsohon Saje, ya ce kafin hutun ƙarshen shekara za a yi gwajin shiga badujala, wadda ba ta zo da nata ba ta koma ganga.

Har gida Saje ya zo. Ya ce, "Hajiya, iri biyu ne. Mai ciki ɗaya maɓallinsa uku, ba nauyi, amma in aka hau sama murya takan zame, kuma waƙar gwajin tana hawa. Mai ciki biyu ƙaho biyu ne a haɗe, sama ba ta ba shi tsoro, sai dai yana da maɓalli na huɗu na babban yatsa. In hannu bai kai ba, ya zama kayan ado. Ku duba hannunta."

Sai na ɗauko zaren saƙa, na buɗe hannunta na hagu, na auna daga babban yatsa zuwa ƙaramin, na ƙulla, yadda uwata take auna mu in za ta kasuwa. Na ɗaure shi a bakin zanena. Bizar Chana kuma, inda za mu sayo ƙahon, ta ƙi fitowa, wai suna wasannin duniya sun tsuke ƙofa. Muka yi ta jira, muka yi ta jira, har aka yi azumi aka sha Sallah.

Jirgi ya tashi ƙarfe bakwai, takwas da rabi muna Legas. Da azahar muka hau na Habasha, awa biyar. Daga Habasha aka sake kwasarmu, tafiya ta yi tafiya har na daina sanin wace sallah ake ciki.

Talata: Gwanzu

Da la'asar muka sauka a Gwanzu, birnin kasuwancin Chana. 'Yan kwastan suka sa kare ya sansana kayana, aka ƙwace min kilishi da daddawa. Na shafa bakin zanena, zare yana nan, na ce su ci lafiya.

Masaukai sun cika saboda babban baje kolin unguwar Fazo, sai muka sauka a Shawbe, unguwar baƙaƙen fata, gidan wata Hajiya Rakiya 'yar Maraɗi, hawa na goma sha bakwai. Ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka. Ta ce, "Inna, ki ci, nan ba a ɗaukar tsohuwa in ta faɗi." Na ci, amma zama ya gagare ni. Kwana uku Habibu yana kasuwanni, ni ina zarya tsakanin taga da ƙofa, kwanakin biza suna ƙarewa. Kullum ya shigo in ce, "Ƙaho fa?" Ya ce, "Gobe, Inna."

Asabar: layin kayan kiɗa

Ƙarfe goma muka hau tasi, minti arba'in muka isa wani layi a unguwar Liwan. Mai kantin wata 'yar siririyar mata ce, Habibu yana ce mata Laban, wato uwar ɗaki. Ta jera mana guda biyu a kan jan ƙyalle. Na ɗaga mai ciki ɗaya, na ɗaga mai ciki biyu, kamar tulun yarinya ne da na uwarta.

Habibu ya ce, "Inna, a ɗauki babban kawai. Ba kullum ake zuwa Chana ba, za ta girma ta tarar da shi."

Na ce, "Kai komai rigar Sallah ne a wurinka. Ka manta shekarar da aka ɗinka maka mai girma, ka taka ta ka faɗa kwata a hanyar Idi?"

Na kwance zare, na ɗora bakinsa a maɓallin babban yatsa, na ja zuwa ƙugiyar da ƙaramin yatsa yake maƙalewa. Ƙulli bai kai ba, saura gaɓar yatsa guda. Na sake aunawa, bai kai ba. Laban ta leƙo, ta gane ba tare da tafinta ba, ta turo min ƙaramin tana gyaɗa kai.

Habibu ya ce, "Mun ƙetare teku, zare ne zai yanke mana hukunci?"

Na ce, "Zare bai taɓa yi min ƙarya ba."

Muka ɗauki mai ciki ɗaya. Habibu ya so a haɗa shi da kayan jirgin ruwa a Tiyanshu, inda 'yan kasuwarmu suke tara kaya, na ce ko kusa, a cinyata zai koma gida.

Litinin: ranar tashi

Ƙarfe uku na rana za mu kama hanyar filin jirgi. Da hantsi Habibu ya ce in cire awarwarona, injin bincike yana musu ihu. Na shafa sabulu ina murzawa, sai na tuna. Ranar Sallar nan da ta wuce, haka na zauna da Bilki da sabulu, har da leda, awarwaron da ta saba sawa suka ƙi wucewa, ta yi kuka ta ajiye. To ni yaushe na ƙulla zaren nan? Lokacin mangwaro, ruwan fari bai sauka ba. Ga shi mun baro ana cirar gyaɗa. Wata shida ina yawo da hannun yarinyar da ta riga ta wuce wurin.

Na fito da kumfa a hannu na ce, "Habibu, tashi mu koma."

"Mu koma ina, Inna?"

"Kantin. Babban za mu ɗauka."

Ya dube ni ya ce, "Ashe dai rigar Sallah ce."

"Ka yi dariyarka a mota."

Sha biyu saura muka samu tasi, hanya ta cushe, Habibu yana duba agogo, ni ina jan carbi, ƙaho a cinya. Ƙarfe ɗaya muka isa. Laban ta ji bayani ta girgiza kai ta ce, "Meyo," wato babu. 'Yan baje koli sun kwashe, saura na cikin gilashin talla, mai 'yar lotsawa a baki. Na ce a fito da shi. Na kama hannunta na hagu, na ɗora zare, hannunta ya wuce ƙulli da gaɓa guda. Na nuna mata ta riƙe ƙahon, babban yatsanta ya sauka a maɓallin daidai.

Habibu ya ce, "Wannan hannunta ne, Inna. In na Bilki bai kai haka ba fa? Babu dawowa."

Na ce, "To na cuce ta da hannuna, kuma ni zan gaya mata."

Muka mayar da ƙaramin, ya cika kuɗin da ya rage, Laban ta rungume ni tana "sheshe, sheshe," wato na gode, muka fita da gudu. Mu ne na ƙarshe da aka rufe wa ƙofar jirgi. Har Habasha, har Legas, ban iya cin komai ba.

Laraba: gida

Ƙarfe biyar na yamma muka shigo Fagge. Bilki ta kai hannu kan akwati, na ce, "Dakata, ƙawata. Ba ni hannun hagu." Na ɗora zare. Ƙaramin yatsanta ya wuce ƙulli da gaɓa guda har da 'yar gyara.

Ta buɗe, ta ƙirga maɓallai da ido, ta kai na huɗu. Ta ɗaga shi da ƙyar. Busar farko kamar kukan bijimin sa, kajin maƙwabta suka watse. Ta gyara tsayuwa, ta danna babban yatsa, ta hau sama, muryar ba ta zame ba. Rabona da jin wannan murya a tsakar gidana tun ubanta yana da rai. Na shiga ɗaki na ja labule.

Bayan mako biyar Saje ya zo da kansa ya ce an ɗauke ta, sai dai a riƙa ba ta ƙwai don damtse.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Hajiya Rakiya da tuwonta, da Laban da ta ara min hannu, da Habibu duk da har yau in ya shigo sai ya tambayi lafiyar rigar Sallah. Zaren yana nan a bakin zanena. Na ƙara masa ƙulli na biyu.