Kawu Ilu da Buwat ɗin Tsere

Duk wanda ya san Kawu Ilu ya san bencinsa, can gindin dogon yaro a bakin titin da ya ratsa Tanut, daf da garejinsa. Zai zauna ya rufe ido kamar mai gyangyaɗi, nan kuwa kunne ya baza. Ba motar da za ta wuce bai yanke wa direbanta hukunci ba, daga jin yadda ya canja giya kawai.

"Wannan ya iya," zai ce. Wata ta wuce: "Wannan tuƙin amalanke ya kamata ya koma." Wata kuma: "Kai! Ku ji wani yana gaisuwar surukai da giya ta uku!"

Daga nan sai ya kawo maganar tasa da kowa ya haddace: "In za ka shiga, shiga. In za ka fita, fita. Tsayuwa bakin ƙofa ke karya haƙori." Baƙo ya yi sallama ya tsaya jan ƙafa, ita zai sha. Saurayi ya zo neman aure yana kame-kame, ita ce dai. Ni kuwa na sha ta har na ƙoshi, don yayan mahaifiyata ne, kuma Allah ya yi ni mutum mai nazari kafin ya ɗaga ƙafa. Malamin makaranta ne ni, shi ya sa yake kirana Metir, wato malam da Faransanci, da wata irin murya da ba ka sanin girmamawa ce ko zolaya. Abu guda na nema a wurinsa tsawon shekaru: ya yarda ya miƙa mini makullin motarsa. Ba motar ce ta dame ni ba, yardar nake so.

Asalin abin tun zamanin da motocin tseren Turawa ke ratsa Sahara su biyo ta nan ne. Wata ta lalace a bakin gari, Kawu ya yini yana taya bakanikensu, wani Bafaranshe, har suka sauke buwat ɗin, wato akwatin giya, suka ɗora sabuwa. Bafaranshen ya ciro agogon hannunsa zai ba shi. Kawu ya girgiza kai, ya nuna tsohuwar da aka yar a ƙasa, gefenta a tsage, mai na tsiyaya.

Da amalanken jaki ya kai ta gida. Matarsa Inna Hajo ta leƙo ta ga ana shigar da baƙin ƙarfe ɗaka, ana fitar da buhun hatsi waje don a samu wuri.

"Malam, wannan dafawa ake yi ko dakawa?"

"Hajo, wannan abin da kike gani ya yi gudun da ko a mafarki ba ki taɓa yi ba."

"To Allah ya sa ya san hanyar kasuwa, ya riƙa yo mana cefane."

Washegari ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya kwance buwat ɗin gunduwa-gunduwa, ya jera a cikin kwanonin Inna Hajo, ya ɗauko ta motar gida ita ma ya kwance a gefe. Ya tara dattawan unguwa ya buɗe musu makaranta, ba wanda ya roƙe shi. Ina nan, ban manta ba.

"Ku duba haƙoran ta gida," ya ce, "a karkace suke. Suna shiga juna a hankali, gefe ya fara taɓawa kafin sauran su biyo, shi ya sa ba ku jin ƙararta. Ku duba na tsere. A miƙe suke sak, gaba da gaba suke haɗuwa. Ba kunya, ba rufa-rufa."

Sai ya ɗaga wani zobe na tagulla daga ta gida. "Wannan shi ne mai sulhu. In ka tura sandar giya, shi ke fara shiga tsakani, ya ce wa mai sauri dakata, ya ce wa mai nawa ƙara, har gudunsu ya daidaita, sannan su haɗu lafiya. Saboda shi ne ko wawa ke tuƙa mota. Ta tsere ba ta da mai sulhu." Ya nuna wasu 'yan ƙullutai kamar gaɓar yatsa a jikin wani zoben ƙarfe, ya ce Bafaranshen ya kira su karabo. "Waɗannan cafka kawai suka sani. Ka ɗaga ƙafa daga totur, ka fizga, su cafke, ko kuloci ba ka taka ba. Ka yi sanyin hannu, su yi ta gwabza kai har su gutsure."

Wani tsoho ya ce, "To Ilu, in ta gida ta fi shiru, ta fi sauƙi, me ya kai ka ga wannan?"

"Baba, jaki ma ya fi doki shiru."

Shekara uku ya yi shi da wani maƙeri suna liƙe tsagar, suna ƙera farantin da zai haɗa ta da injin tsohuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke kira bashe. Ranar da ya fito da ita kuwa ta faɗo ranar kasuwa. Jama'a, ban taɓa jin kuka irin wannan ba! Wani siririn ihu ne da ke ƙaruwa da gudu, kamar ana guɗa a cikin tulu. Raƙuma suka miƙe da dabaibayinsu, jakuna suka amsa, wani Buzu ya bi raƙuminsa da gudu rawani na warwarewa a baya. Jandarma ya tare shi a bakin kasuwa.

"Tsoho, motarka ba ta da lafiya. Ka kai ta gareji."

"Ranka ya daɗe, ni ne garejin."

"To me take wa kuka?"

"Ba kuka ba ne. Haƙoranta a miƙe suke, abin da ke cikinta take faɗi. Ka ji tsoron mai shiru."

Jandarman ya zagaya motar sau biyu, ya duba takardu, bai ga inda doka ta hana mota magana ba, ya ɗaga masa hannu. Daga baya gari ya saba. Mutanen garin Gangara suka ce tun bai ɓullo ba suke shimfiɗa masa tabarma. Inna Hajo kuwa ta daina tambayar yaushe zai dawo, da ta jiyo ihun daga nesa sai ta ɗora ruwan tuwo.

Wani direban babbar mota daga Damagaram, mai cika baki cewa ba ƙarfen da bai lanƙwasa ba, ya matsa sai ya gwada. Kawu ya bar shi don a yi darasi. Sandar giyar nan gaba da baya kawai take zuwa, ka ja baya ta hau ɗaya, ka tura gaba ta sauka ɗaya, bi da bi, ba tsallake. Shi kuwa direba ya kama kaɗa ta hagu da dama yana neman gidan ta uku, kamar mai tuƙa tuwo. Kawu ya zare makulli.

"Ka taɓa hawa babur?"

"Haba, tun ina yaro!"

"A babur ka taɓa zuwa gefe neman giya? Irin wannan ce a ƙarƙashin kowane ɗan kabu-kabu a garin nan, ba su sani ba. Sauka, Alhaji, ka koma wurin mai sulhu."

Na yi dariya ranar har da riƙe ciki, ban san nawa na tafe ba. Da na yi ta naci, ya ba ni sau ɗaya a fili bayan gari. Na tashi lafiya da kuloci. Da aka zo giya ta biyu, sai na ja sandar a hankali, cikin ladabi, kamar yadda aka koya mini. Ƙarrr! Kawu ya dafe ƙirji kamar shi aka soka.

"Metir, kai da zoben tagulla aka haife ka a ciki. Sauka."

Shekara goma sha ɗaya ban ƙara zama a kujerar nan ba. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Ina da takardar tuƙi, ina tuƙa motar kowa, amma a wurin Kawu ni mai tsayuwa bakin ƙofa ne.

A yi masa adalci, bai taɓa cewa ta fi ta gida komai ba. Ta gida sai ta shekara ashirin ba a buɗe ta ba, wannan kuwa duk bayan damina sai ya sauke ta, ya zauna da magagari yana gyara bakin karabo ɗaya bayan ɗaya, don ba inda ake sayar da su. Wata rana yana cikin gogawa yana yi wa Inna Hajo kirarin buwat ɗinsa, wai ba ta buƙatar mai shiga tsakani. Ta ajiye masa fura ta ce, "Ai shi ya sa kullum take kwance a tabarma. Kai ma da ba ka samu zoben tagulla a gidan nan ba, da tuni ka gutsure." Kawu ya jawo furar ya sha, ya ci gaba da gogawa.

Sai ranar rijiya. Mun je suna wajen Tarka, muna dawowa da hantsi muka tsaya a wata rijiyar makiyaya mu ƙara wa mota ruwa. Kun san yadda suke jan guga da sa, igiya doguwa, san ya yi nisa da ita. To san ya firgita ya zabura, igiyar ta naɗe ƙafar wani Bafillace magidanci mai suna Juli, ta ja shi a ƙasa ta maka shi da ƙarfen bakin kwamin shayar da dabbobi, cinyarsa ta tsage. Kawu, da tsufansa, ya cafke igiyar da hannu biyu har aka tare san. Da ya buɗe tafukansa, ba fata.

Aka ɗaure cinyar Juli da rawani, jini bai daina ba. Aka ɗora shi bayan mota, 'yan'uwansa biyu na riƙe da shi, matarsa ta ƙanƙame kansa. Asibitin Tanut ne kawai mafita, kuma tsakaninmu da hanya mai ƙarfi akwai kwarin nan mai yashi da ke cinye motoci. Kawu ya dubi hannayensa, ya dube ni.

"Metir, zauna."

"Kawu, ka san ni da..."

"Na san ka. Zauna. A yashi in ka tsaya taka kuloci kana lallaɓa giya, gudun ya mutu, mu nutse, mutumin nan ya ƙare a hannunmu. Wannan ba ta ba yashi lokaci. Na ce ɗaga, ka ɗaga ƙafa. Na ce ja, ka ja kamar kana ƙwace abinka."

Na tashe ta. Muka shiga yashin, injin ya hau, ihun ya cika kunne.

"Ɗaga! Ja!"

Na rufe tunani na fizga. Ƙwas! Ta shiga, motar ko numfashi ba ta ja ba, ta ci gaba da haƙa tana tafiya.

"Kuma! Ɗaga! Ja!"

Ƙwas! Inda yashin ya yi zurfi ta fara nauyi, ya ce, "Ɗan taɓa totur, tura!" Na tura, ta sauko ɗaya ta yunƙura muka haye. Wallahi ban san lokacin da na fara yi ba tare da ya faɗa ba. Na dai lura ya jingina, ya rufe ido yadda yake yi a benci.

Tun muna nesa ma'aikatan asibiti suka jiyo mu, suka fito da gadon turawa, don duk Tanut ba wanda bai san wannan murya ba. Juli ya rayu. Yana ɗingishi, amma har yau shi ke kora shanunsa, kuma duk kaka sai ya aiko da man shanu gidan Kawu.

Ana naɗe wa Kawu hannu ina tsaye ina jiran ya ce wani abu. Ya dube ni ya ce, "A ta huɗu ka ɗan tsaya gaisuwa." Shi ke nan. Na koma gida raina a ɓace. Sai bayan kwana biyu na wuce ta bayan gareji na jiyo shi a benci, hannaye a naɗe kamar dambe zai shiga, yana gaya wa direbobi: "Ɗan ƙanwata ne! Malamin makaranta! Ya ratsa da ita kwarin Tarka ko haƙori ɗaya bai taɓa ba. Ku kuwa da me kuke taƙama?" Na laɓe jikin bango, ni da furfurata, ina share ido.

Bai ƙara karɓar makullin ba. Na kai masa ya ce hannunsa bai warke ba. Hannun ya warke, ya ce ya saba da zaman gefe. Yana nan a aljihuna yanzu da nake wannan rubutu. Zoben tagullar da ya yi wa dattawa darasi da shi kuwa, bayan rasuwarsa Inna Hajo ta same shi a ƙasan akwatinta, a ƙulle cikin sabon kallabi. Ba ta san ranar da ya sa shi ba.

Bai yi jinya ba. Ya yi sallar la'asar, ya koma bencinsa, ya rufe ido. Motoci uku suka wuce bai ce komai ba, a nan yaran gareji suka gane. Ya fita yadda ya ce a fita.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba Inna Hajo haƙuri. Ya Allah, bawanka ne da bai iya jira ba. In ya iso ƙofar rahamarka, ka buɗe masa ya shiga, kada a tsayar da shi a bakinta. Amin.