Turmin da Inna Saratu ta kife bayan rumbu

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka rufe mahaifiyata, Inna Saratu, a nan Dakoro. Waɗanda suka san ni sun san ko wurin gaisuwar mutuwa sai na sa wani ya ɓoye dariya cikin hannun riga. Don haka kada ku jira hawaye a wannan shafi. Ita ma ba za ta so ba.

Mu Kirista ne, gidaje ƙalilan a cikin unguwar Musulmi, kuma ita kaɗai ta rene mu bayan rasuwar Baba. A gidanta kuka halal ne, gunaguni kuwa haramun. Akwai wani tsohon turmi da ya tsage, ta kife shi bayan rumbu. Duk yaron da ta ji yana ƙunƙuni, wai tuwo ya yi kaɗan ko rana ta yi zafi, can take aika shi ya zauna ya faɗa wa Allah ƙorafinsa da ƙarfi, yadda kaji ma za su shaida. In ya gama, ya koma bakin aiki. Ni na fi kowa zama a kansa, har sai da icen ya lotsa daidai mazaunaina. Masu shakka su tambayi yayyena.

Wata shekara muka yi binne a gonarmu ta hanyar Kornaka, muka zuba iri cikin busasshiyar ƙasa muna jiran ruwa. Aka yi ɗan yayyafi, hatsi ya tsiro, rana ta ƙone shi. Muka sake, ta sake. Na shiga zagaya gida ina cewa mu da ba ma fashin majami'a, mene ne laifinmu? Inna ba ta ko ɗaga kai daga zaɓen iri ba.

"Iliya, ba ni ke riƙe da ruwan sama ba. Tafi ka gaya wa Mai shi a gabansa, ka dawo ka ɗauki sungumi."

Sai da na girma ta bayyana mini. Ta ce gunaguni gulmar Allah ce, alhali shi ba shi da bayan ido. Ɗan da ya san ubansa na ƙaunarsa gabansa yake zuwa da kukansa, ba ya bin maƙwabta da ƙara.

Bara sanƙarau ya kama ɗiyata Rahila, mai shekara goma sha huɗu. Ta tashi da ranta, amma lokotoro, wato likita, a Maraɗi ya ce kunnuwan sun tafi, ba za su komo ba. Yarinyar da ke ba da waƙa a ƙungiyar matasa, wadda in ta ɗaga murya har raƙuman kasuwa ke daina tuƙa. Ta bar karatu a lakwal, ta bar majami'a, ta shige ɗaki. Ni kuwa da ba ni da wata dukiya sai baki, na wayi gari ɗiyata ba ta jin ko ɗaya daga cikin shirmena. Ciwon nan bai da wurin sosawa.

Na sha tambayar kaina, da Inna na nan me za ta ce? Na san ba za ta ce in yi murmushin dole ba. Ita ma ta yi kuka ranar da muka rasa ƙanwata, kuka mai sauti, gaban kowa. Amma na san za ta lura da abin da ni ban lura da shi ba sai da matata ta nuna mini: Rahila ba ta jin maganata, amma fuskata take karantawa. Duk tsakin da na ja, ta gan shi. In na ci gaba a haka, da fuskata zan koya mata cewa Allah ya zalunce ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba na so in tanƙwara nawa wajen ɗaci.

To, na kai ƙarata inda ake kaiwa. Na faɗa wa Allah duka, ban rage ba, ban kuma sami bayani ba. Sai na tashi. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Yanzu ina bin wani mushe, wato malami, da ke koyar da maganar hannu, ni da yatsuna masu kama da rogo. Mushen ya ce tunda yake bai taɓa ganin mutum mai in'ina da hannu ba sai ni.

Inna ba ta bar mana gona mai faɗi ba, ko zanenta an rabar. Abin da ya rage nata shi ne wannan taurin kai mai tsarki: ka yi kukanka gaban Ubangiji, ka karɓi nufinsa, ka miƙe. Tsohuwar zuma da ita ake magani.

Makon jiya na tsaya ƙofar ɗakin Rahila na ba ta labari da hannu, yadda jaki ya kayar da ni a kasuwar Sabon Maci. Ta daɗe tana kallona, sannan ta kama yatsuna ta gyara mini su, tana dariyar da ita ba ta ji ba. Ni na ji ta. Ranar Lahadi za mu tafi majami'a tare, ta ce a ajiye ta kusa da mai ganga, inda za ta ɗora tafinta a kan fata.