Baba Isufu, da ƙarfen da ban kai masa ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tsaye a kicin ina jiran ruwa ya tafasa, Ramatu ta kira ni daga Lyon. Mahaifinta, Baba Isufu, ya rasu bayan sallar asuba.

Na daɗe riƙe da wayar bayan ta kashe.

Waɗanda suka zauna Lyon a cikinku sun san shi. Dogon dattijo ɗan Damagaram, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran injina a wata masana'anta a bayan gari. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, gwanin harbi ne.

Na san wani zai ce bindiga kuma? Wasa ne, kamar ƙwallo. Kulob ne mai rajista, da lasisi, da takardar likita, da izinin hukuma. Takarda ake kafawa can nesa a harba, a je a duba inda harsashi ya huda.

A 2006 na haɗu da shi, ina sabon ɗalibi daga Zariya, ba Faransanci, ba rigar sanyi ta kirki. Ya ji ina waya da Hausa a ƙofar masallaci ranar Juma'a, ya tsaya har na gama, muka gaisa, ya tambayi gidanmu kaf kamar ya san su. Ranar a gidansa na ci tuwo. Hajiyarsa ta zuba mini wani a roba na tafi da shi.

Bayan wata biyu ya ga zaman ɗaki yana neman ya kwantar da ni, ya ce in raka shi kulob ranar Asabar.

Ni bahago ne. Ina yaro na sha duka a kan hannun nan, har na saba ɓoye shi. Da ya miƙo mini bindigar iska ta masu koyo, sai na ɗora ta a kafaɗar dama don kunya. Yana kallona na harba uku, ko ɗaya bai taɓa takardar ba. Ya karɓe ta ya mayar mini kafaɗar hagu.

Ya ce, "Hannun da Allah ya ba ka, da shi za ka harba."

Ban taɓa jin babba ya faɗi haka a kan hannuna ba.

Shi ya koya mini numfashi, da haƙuri, da duba bindiga sau biyu kafin a ajiye ta ko da ka tabbata ba komai a ciki. In na yi gaggawa sai ya dafa kafaɗata ya ce doucement, wato a hankali. Shi ya cika mini takardun lasisi na farko. Kullum yana jaddada mini cewa mai suna irin namu a ƙasar nan ba ya wasa da takarda, komai ya zama a fili, komai a kan ƙa'ida.

Na gama karatu na samu aiki a Paris. Ban bar harbi ba, har na kai ga mallakar babbar bindigar wasa irin tasa, irin ta zamani. Muna waya, ina zuwa Lyon lokacin salla, daga baya zuwan ya ja baya.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ɓangaren dama. Ya tashi, ya koma tafiya da sanda, magana ta dawo. Hannun dama ne bai dawo duka ba. Yana ɗagawa, amma yatsun ba sa damƙa.

Ganina da shi na ƙarshe watan Maris ne. Bayan mun ci abinci ya ce in biyo shi ɗaki. Ya buɗe akwatin ƙarfen da yake kulle bindigar, ya fito da ita, ya duba ta sau biyu kamar kullum, ya ɗora a tebur. Ya gaya mini likita ya yarda ya koma kulob in dai a zaune zai harba, kuma ya fara koyon harbi da hagu. Yana dariya ya ce yanzu ni ne malaminsa.

Matsalar ɗaya ce. A bayan irin wannan bindiga akwai ɗan ƙarfe da ake ja baya a ɗana ta. Wanda take zuwa da shi kunne ɗaya gare shi, ƙarami, a gefen hagu, an yi shi don na dama. In ka riƙe bindigar da hagu, hannun dama ne zai tsallako ya matse kunnen ya ja. Hannun nan kuwa na Baba shi ne mara lafiya.

Ya gwada a gabana. Hannun ya zame. Ya sake, ya zame. A na uku na sunkuyar da kai.

Akwai mai kunne biyu da ake sayarwa, wanda ake ja ta kowane gefe. Ni ma irinsa na sa wa tawa tun tuni. Ya ce shi bai san kan waɗannan sababbin kaya ba, ni na sani.

"Bashir, ka zaɓo mini wanda hannun da ya gaji zai iya ja."

Na ce sati biyu, Baba, in sha Allah.

Kuma akwai dalilin sauri. In mutum ya daɗe bai je kulob an buga masa hatimi a littafinsa ba, izinin riƙe bindigar yana iya faɗuwa. Ya sani, na sani.

Na dawo Paris na shiga bincike. Mai manyan kunnuwa ya fi sauƙin ja, ko da gefen tafin hannu za ka maƙale shi, amma yana kama riga, yana tokarar ƙirji. Mai ƙanana ba ya damun kowa, sai dai yana son yatsu masu ƙarfi. Wani an ce yana kare fuska daga hayaƙi. Wani an ce da ka ja shi yake sakin kansa, ba sai ka matse ba. Na karanta ra'ayin mutane har na ruɗe.

Na sayi ɗaya a wani shago, na zo gida na naɗe hannuna na dama da tawul na gwada, don in ji yadda zai ji. Bakinsa da kaifi, na mayar. Na yi odar wani daga waje, ya yi makonni a hanya. Da ya iso, shi ne daidai. Faɗi, santsi, yatsa biyu sun ishe shi.

Wannan a watan Mayu ne. Yau muna Oktoba.

Ba ni da wani uzuri da zan iya kallon kaina in faɗa. Aiki, azumi, sunan ɗan abokina a La Courneuve, wani wikend na gaji, wani na ce tikiti ya yi tsada. Na ƙi aika ƙarfen ta gidan waya don ina so ni da kaina in sa masa, in ga fuskarsa. Awa biyu ne kacal a jirgin ƙasa. Kuma tun ranar farko da na ciro na jikin tawa na ba shi aro, ko sukundireba ba ya buƙata, da ya yi ta amfani da shi ina can ina zaɓe-zaɓena. Wannan bai zo mini a rai ba sai yau.

Sau biyu ya kira ni a tsakani. Na farko mun gaisa, ya tambayi iyali, bai ko ambaci maganar ba. Na biyu ina taro a ofis, na tura masa saƙo cewa zan kira. Ban kira ba.

Ramatu ce ta gaya mini sauran da safen nan. Ashe ya je kulob sau ɗaya a watan Yuni. Duk lokacin da za a ɗana bindigar sai wani Bature abokinsa ya taso ya ja masa. Shi Baba, mutumin da ya koya wa rabin kulob ɗin harbi. Ya dawo gida ya kulle ta, ya ce ba zai koma ba sai na zo. Amma kullum bayan la'asar yana zama da ƙwallon roba a hannun dama yana matsawa.

Na tambaye ta ko ya yi fushi da ni. Ta ce ita ce ma ta yi fushi, har ta ce masa bari ta kira ni ta tuna mini. Ya hana ta.

Ya ce mata, "Ƙyale shi. Bashir ba ya son ya kawo mini abin banza, shi ya sa ya daɗe."

Har ya koma ga Allah yana kyautata mini zaton da ban cancanta ba.

Ina tasha yanzu, jirgin ƙarfe sha ɗaya zan bi. Gobe bayan azahar za a yi masa salla.

Allah ka ji ƙan Baba Isufu. Ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Yadda ya riƙe baƙo bai san shi ba, ka karɓe shi da rahamarka. Ka ba Hajiya da Ramatu da ƙannenta haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a. In da hali ku haɗa da ni, Allah ya yafe mini.