Juma'ar da Waya Ba Ta Shigo Ba

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba na jin zai iya kwashe makonnin nan na wata kaka da na zauna a cikin gidana ina kallon mijina da yayarsa da maƙwabtana kamar mutanen da suka haɗa baki a kaina. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai kunya da tausayin kaina su taso mini lokaci guda.

Muna zaune ne a wani ƙauye a ƙasar Tudun Wada, kusa da hanyar da ta nufi Falgore. Malam, maigidana, manomi ne, masara da shinkafa yake yi. Ɗanmu na fari soja ne, a lokacin kuma an tura su can gabas inda ake ta gwabzawa. Kun san halinmu da ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa kiran sunan ba, ba na tambayar lafiyarsa a gaban mutane, in ana hirarsa ma sai in kawar da kai. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci yakan kira ubansa. Ni kuma sai in nemi wani aiki kusa da inda Malam yake zaune, tsintar shinkafa ko tankaɗen kuka, hannuna na aiki kunnena na wajensu. In sun gama Malam ya miƙo mini wayar, iyakar abin da nake cewa shi ne, "To, Allah Ya tsare." Wannan 'yar kalmar ita ce ke riƙe ni har wata Juma'ar.

Sai wata Juma'a ta zo, waya ba ta shigo ba. Malam ya ce wataƙila babu sabis a inda suke. Ta biyu ma ta wuce shiru. Washegarinta na je suna a maƙwabta, muna zaune a ɗaki ana ta hayaniya, sai na ga mata sun yi cincirindo a kan wayar wata matashiya. Na leƙa. Motoci ne a ƙone a bakin wata hanya, hayaƙi na tashi, ga takalmin soja ƙafa ɗaya a yashe cikin yashi. Mai wayar tana cewa, "An ce ba wanda ya fita a cikinsu." Tana ɗago kai muka haɗa ido, sai ta yi wuf ta tura wayar ƙarƙashin mayafinta. Wata ta ce, "Ai tsohon hoto ne, an daɗe ana yawo da shi." Na ci gaba da zama har aka raba abinci, don kada a ce na tashi saboda ɗan fari. Amma daga ranar na daina yarda da kowa.

Abin da ya fara ba ni tsoro rediyon Malam ne. Mutumin da ba ya karya kumallo sai da labarai, sai ga rediyo a rataye a bango ya yi shiru. Na tambaye shi, ya ce batir ne ya ƙare. Da zan wanke rigarsa na tarar da baturan a aljihu. Na saka su a tocila, ta kama tar. Na mayar masa da su yadda na same su, ban nuna na gani ba.

Daga nan sai komai ya zame mini alama. Wayarsa na ƙara sai ya tashi ya fita zaure kafin ya amsa. A tsakiyar girbi, lokacin da ko zazzaɓi ba ya hana shi zuwa gona, sau biyu ya saka babbar riga ya tafi Kano, wai zai nemo wani ƙarfe na injin ban ruwa, kuma duka biyun hannu biyu ya dawo. Liman ya zo sun daɗe suna magana ƙasa-ƙasa a ƙofar gida. Maƙwabciyata, wadda kullum sai dai ta ɗaga murya ta gaishe ni ta kan katanga, sai ga ta har ɗaki da kwanon fura tana cewa, "Sannu, ya jikin?" Na ce lafiyata ƙalau, wa ya ce mata ba ni da lafiya? Ta sunkuyar da kai tana kame-kame. Ban sha furar ba. Gani nake duk wanda ya kyautata mini ta'aziyya yake yi mini a ɓoye.

Abin da ya fi komai ciwo kuwa, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai daga baya, shi ne salla. Ina yin ta a kan lokaci, amma in na idar na ɗaga hannu sai bakina ya ƙi motsi. In ce Allah Ya tsare shi, alhali wataƙila an riga an binne shi? In ce Allah Ya jiƙansa, alhali wataƙila yana raye, in zama ni na yi masa mugun baki? Sai in zauna a kan darduma hannuwa a sama kamar gunki, har su gaji in sauke. Na yi kwanaki ban yi wa ɗana addu'a ko ɗaya ba, a daidai lokacin da ya fi buƙatarta.

Ana cikin haka sai ga Yaya, babbar yayar Malam da ke aure a Ɗansoshiya, ta sauka a kan babur da ƙullin kaya. Ba biki, ba suna, ba aike. Ina ganin girman ƙullin na san ba kwana ɗaya ta zo yi ba. A wajenmu ai tsofaffi ake kira in za a faɗa wa uwa irin wannan labari. Na tarbe ta, na kawo ruwa, muka gaisa, ina ta leƙen idonta ko zan ga alamar kuka.

Bayan azahar ta shiga ɗakin Malam. Allah Ya yafe mini, na lallaɓa na tsaya a bayan taga, jikin rumbu. Na ji Malam yana cewa, "Ni dai na kasa, Yaya. Ke ce babba, ke za ki iya da ita." Ita kuma ta ce, "Bari in ga yanayinta tukuna, ba a yi wa irin wannan gaggawa." Shi ke nan. A wajena magana ta ƙare. Abin mamaki, ba baƙin ciki ne ya fara zuwa mini ba, haushi ne. Ɗan da na ɗauka wata tara, kowa a garin nan ya san ya mutu sai ni?

Kwana biyu Yaya tana bi na da ido, ni ma ina bin ta da ido. Ta ce in ci abinci, in ce na ƙoshi. A rana ta uku da la'asar muna zaune a tsakar gida muna ɓare masara, sai ta ce, "Ƙanwata, akwai maganar da nake so mu yi." Ban bari ta ƙarasa ba. Na ji sunan yaron ya fito daga bakina da ƙarfi, sunan da ban taɓa furtawa ba tun da aka haife shi. Na ce, "Ya mutu, ko? Ku faɗa mini! Yaushe aka binne shi? Don Allah ku daina kewaye ni kamar mahaukaciya!"

Masarar da ke hannun Yaya ta faɗi. Ta ce, "Innalillahi! Wa ya faɗa miki?"

Na ce, "Ba wanda ya faɗa mini, amma ina da ido." Na shiga lissafo mata, rediyo, zuwa Kano, liman, fura, har da abin da na ji a bayan taga.

Ta dube ni ta ce, "Wallahi tallahi, ba wanda ya san komai. Ba don shi na zo ba, don ke na zo. Kin ga yadda kika koma kuwa? An ce mini kin zuba gishiri a kunu, kin bar tukunya ta ƙone kina tsaye a kanta. Ran nan ba takalmi maƙwabciyarki ta gan ki a bakin titi kina leƙen motoci. Tsoro ƙanena yake kada ki zauce."

Ban yarda ba. Na ce sai Malam ya zo ya faɗa da bakinsa. Ashe yana zaure, duk ya ji. Ya shigo ya durƙusa a gefen tabarma, abin da bai taɓa yi ba, ya ce Kano da yake zuwa neman labari yake zuwa yi, kuma kullum amsa ɗaya ce, a yi haƙuri a jira. Rediyo kuwa ya kashe shi ne don duk lokacin da aka ambaci gabas sai ya ga na ƙame. Sai ya ce, "Ni fa ke nake zargi. Tun ranar da kika dawo daga sunan nan kika canja. Na shiga na tarar kin ninke kayansa kin zuba a akwati, na ce shi ke nan, mata sun faɗa mata wani abu tana ɓoye mini." Shekara kusan talatin muna tare, ko ranar da mahaifiyarsa ta rasu ban ga hawayensa ba, sai ranar. A nan na gane gida ɗaya muke, ciwo ɗaya, amma kowa ya kulle kansa yana gadin ɗan'uwansa.

Da muka ɗan natsu na faɗa wa Yaya maganar addu'ar da ta gagare ni. Na ɗauka za ta yi mini faɗa. Sai ta gyara zama ta ce, "To ke, Wanda kike roƙo, Shi ma labarin yake jira? Ai Ya san inda yaron yake a wannan sa'ar. Ke ce ba ki sani ba, kuma ba a ɗora miki sai kin sani ba. Ki ce, ya Allah ga bawanKa nan a hannunKa, Ka yi masa rahama a duk inda yake. Rahama ai mai rai na buƙatarta, mamaci ma na buƙatarta." Ta ɗauki masara ta ci gaba da ɓarewa, ta ƙara da cewa, "Lokacin da ƙyanda ta kwantar da shi yana goye, kina riƙe da shi a cinya, ke kika tashe shi? Dama can ba ke ke tsaronsa ba."

Da magariba na ɗaga hannu, maganar ta fito. Na yi kuka sosai, amma wani irin kuka ne mai sauke kaya. Ba zan yi muku ƙarya in ce tsoro ya tafi ba. Yana nan, in na ji ƙarar babur a ƙofar gida gabana sai ya faɗi. Bambancin kawai, yanzu ina da inda nake kai shi. Muka yi shawara da Malam, labarai sau ɗaya a rana, tare za mu ji, in an gama mu yi addu'a kowa ya kama aikinsa. Hotunan waya kuwa na roƙi mata kada wadda ta ƙara nuna mini. Na koma cin abinci. Na je na ba maƙwabciyata haƙuri.

Bayan kwana tara, da hantsi, Malam ya dawo daga gona a guje, hula a hannu, yana miƙo mini waya. Baƙuwar lamba ce. Muryar ta dusashe, amma ko cikin kasuwa na ji ta zan gane. Ɗana ne, yana asibiti. An kai musu hari da gaske, ya rasa yatsu biyu a hannun hagu, kunnensa ɗaya ya daina ji, wayarsa kuma ta ƙone a mota. Ya ce abokinsa da suke kwana ɗaki ɗaya, ɗan ƙasar Bebeji, bai fita ba.

Da sati ya zagayo na ce wa Malam ya kai ni Bebeji gaisuwa. Duk hanya ina tunanin da wane ido zan kalli uwar mamacin, nawa ya tsira nata ya tafi. Na same ta zaune a kan tabarma da carbi, 'yar siririya, ba ta kai ni shekaru ba. Da aka gaya mata ko ni wace ce, sai ta kamo hannuna ta zaunar da ni kusa da ita, ta tambaye ni jikin ɗana. Na fashe da kuka, ni da na zo ba da haƙuri sai ga shi ita ke rarrashina. Ta ce, "Haba baiwar Allah, daina kuka. Ni da ke wuri ɗaya muka kai ajiya. Ke Ya mayar miki da taki, ni Ya riƙe mini tawa. Ba wadda aka yi wa asara a cikinmu."

Na fita daga gidan nan ba yadda na shiga ba. Da ina ganin addu'ata ce aka karɓa saboda ɗana ya dawo, sai matar nan ta nuna mini cewa dogara ga Allah ba ciniki ba ne. Abin da na koya ke nan, kuma shi nake faɗa wa duk wadda na ga labaran tashin hankali sun hana ta sukuni. Tsoron da aka ɓoye shi ke rikiɗewa ya zama zargi, har ka rasa mutanen da za su riƙe ka. Ki buɗe baki ki tambayi naki, abin da kuma ba wanda ya san amsarsa, ki miƙa shi ga Wanda Ya sani, tun kafin labari ya iso, ko mai daɗi ne ko marar daɗi.